Dokar VAPP Tarkon Maza Ce? Yadda 'Yan Ajinmu Suka Kwana a Kanta

Baban Hanif: Salamu alaikum 'yan aji. Ina da magana, kuma na san Barista ba za ta so ta ba. Dokar nan ta VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, da ake ta yi wa talla, wallahi tarko ce aka ɗana wa maza. Mace ta je caji ofis ta matso hawaye ta ce an doke ta, shike nan, kai da gidanka sai hange. Maƙwabcina a nan Abuja kwana uku ya yi a bayan kanta kan saɓanin da bai kai a kira mai unguwa ba. Kuɗin hayar shagonsa ne suka tafi a beli.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Kana ɗakin lokacin da abin ya faru?

Baban Hanif: Ba na ɗakin, amma shekara takwas muna sahu ɗaya a masallaci. Ko ƙuda ba ya iya kashewa.

Maman Iman: Mijin ƙanwata ma a sahun farko yake salla. Sai da ya karya mata haƙori biyu kafin babanmu ya yarda ba sharri take masa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Barista: Yallaɓai, bari in raba maka abu biyu da ka haɗe. Kwana ukun da maƙwabcinka ya yi da kuɗin da aka karɓa ba aikin VAPP ba ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, in babu, kwana biyu. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne, a bangon ofisoshinsu ma a rubuce yake. Da kan rikicin fili aka kama shi, haka za a tatse shi. Ita dokar, Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, kuma ba ta ce mata ba, cewa ta yi mutane. Sashe na 19, na dukan abokin aure, ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ne, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Matar da ta rotsa wa mijinta kai da taɓarya, sashen da zai hau kanta ke nan.

Ɗan Sabon Gari: Wane namiji ne zai je gaban ɗan sanda ya ce matata ta doke ni? Kafin ya kai gida labarin ya riga shi majalisa.

Barista: Wannan kuma kunyarku ce, ba giɓin doka ba.

Baban Hanif: To idan ƙarya ta yi fa? Ta ɓata min suna, ta koma gefe tana dariya?

Barista: Sashe na 8. Duk wanda ya shirya ƙarya da gangan don a buɗe wa wani bincike ko shari'a a ƙarƙashin dokar, tarar naira 200,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba. Sannan sashe na 36 na tsarin mulki yana nan: ba ka da laifi sai kotu ta tabbatar, kuma masu gabatar da ƙara ne za su kawo hujja, ba kai za ka wanke kanka ba. In ba ka da kuɗin lauya akwai Legal Aid Council, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai wurin da ƙorafinka yake da ƙafa. Kotu tana iya ba da umarnin kariya na wucin gadi tun kafin ta ji ta bakin wanda ake ƙara, har ta hana shi shiga gidan da suke zaune tare. Daga baya ake sa rana ya zo ya kare kansa.

Baban Hanif: Kun ji ko! Gidan da na gina da gumina, a hana ni shiga tun ba a ji ta bakina ba. Me na ce tun farko?

Sista: Baban Hanif, ka bar ni in shigo nan. Shekara 14 ina aikin dare a sashen gaggawa. Waɗanda ake kawo mana kusan bakinsu ɗaya: santsin banɗaki ne, ƙofa ce ta buge ni. Santsin banɗaki ba ya barin shatin yatsu a wuya. Mai rakiyar kuma sau da yawa shi ne mai aikin, yana tsaye a kanta yana amsa tambayar da ita aka yi wa. Akwai wadda na ɗinke wa gira sau biyu cikin shekara ɗaya, a karo na uku cikin wata biyar ta rasa. Irin wannan kake so a ce ta koma ɗaki ɗaya da shi ta jira ranar zaman kotu? Wanda aka fitar bisa kuskure zai yi sati biyu a gidan ɗan'uwansa ya dawo. Ita wa zai dawo mata da cikin?

Baban Hanif: Allah Ya kyauta. Ni ban ce a bar irin wannan ba.

Sista: Ai alƙali ba ya gane irin wannan daga irin waccan a rana ɗaya, shi ya sa ake fara raba su. Kuma duk wadda abin ya sama, ta zo asibiti a ranar, a rubuta, a ɗauki hoto. Bayan sati ɗaya kumburi ya saɓe, sai maganarta da tasa.

Malam Na'ibi: Jama'a, ni damuwata daban ce. Me ya kai mu aron doka alhali muna da tamu? A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, macen da ta tabbatar da cutarwa alƙali yana raba auren ko mijin bai so ba, ba tare da ta biya hul'i ba. In ma ta riga ta biya, aka gano cutarwa ce ta tura ta, sai ya mayar mata da kuɗinta. Har shaidar ji ana karɓa, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta. Kafin a kai nan, aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Nana A'isha kuma ta shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Maman Iman: Allah Ya gafarta Malam, duk mun yarda. Amma ƙanwata wata tara tana zarya a kotu. Yau bai zo ba, gobe a kawo shaidu, maƙwabtan da suka sha jin ihunta kowa ya ce ba ya shiga tsakanin mata da miji. Ƙarshe sadakin ta mayar don ta tsira da ranta. Haƙoran kuma har yau ba wanda ya tambaye shi.

Malam Na'ibi: An zalunce ta, domin haƙori yana da diyyarsa a shari'a. Laifin masu aiwatarwa ne.

Barista: Daidai abin da na gaya wa Baban Hanif kan 'yan sanda ke nan, Malam. Kuma ga abin da ba a cika faɗa ba. Tsohon Penal Code, kundin hukunta laifuffuka da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, sashe na 55 ya halatta wa miji ya ladabtar da matarsa idan al'adarsu ta yarda, muddin bai kai mummunan rauni ba. Mummunan rauni a wurinsa shi ne irin karaya, cire haƙori, makanta, nakasa fuska, ko ciwon da zai hana mutum harkokinsa kwana 20. Wato in ta yi kwana 19 a kwance, da sauran magana. Wannan ba fiƙihu ba ne, dokar da aka bar mana ce tun zamanin Turawa. Shekaru nawa tana nan ban ji namiji ɗaya ya kira ta tarko ba.

Ɗan Sabon Gari: Barista ta ɗauko tsohon bashi. Ni dai ina bayan Sarki Sanusi. A Disambar 2024 a Jami'ar Bayero ya ce ya gaya wa 'ya'yansa mata duk wadda miji ya mara ta rama.

Malam Na'ibi: Ina girmama Sarki, kuma na fahimci zafin da ya sa ya faɗa. Amma 'yar sarki ce za ta rama ta kwana lafiya. 'Yar talaka ta rama mari a ɗakin da babu kowa, Sista za a kai wa ita.

Sista: In an yi sa'a.

Baban Hanif: Har yanzu ba a amsa min ba. Barista, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganin macen da aka hukunta da wannan sashe na 8 ɗin?

Barista: Ni da idona, a'a. Amma ka tambaye ni maza nawa na ga an kai shari'arsu ƙarshe. Yawanci kafin zama na biyu kawunta ya kira, surukai sun zo da goro, an tuna mata 'ya'ya huɗu da kuɗin makaranta, sai ta ce ta janye. Kuma ku sani, alƙaluman da na kawo na dokar tarayya ne, a Abuja take aiki, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ke kula da ita. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018, kuma hukuncin yakan bambanta. Kowa ya nemi ta jiharsa ya karanta.

Baban Hanif: To a gyara ta. A sa wa'adi gajere, duk wanda aka fitar daga gidansa a saurare shi cikin sati ɗaya. Kuma a riƙa hukunta maƙaryata a gani.

Barista: Wa'adin na sa hannu. Kai kuma ka yarda a fitar da shi ɗin tukuna?

Baban Hanif: In akwai takardar likita.

Sista: Wadda aka kulle a ɗaki aka ƙwace wa waya, wa zai kawo ta wurin likitan?

Baban Hanif: Wannan kuma sai na yi tunani. Barista, turo min dokar gaba ɗaya, har ta Kaduna, can surukaina suke.

Maman Iman: Ka tura wa Maman Hanif ma in ka gama.