Sankarar mama: shawarwarin da masana suka fi nanatawa

Masana sun fi daɗewa a kan maganar kullutu marar zafi a mama. Mace kan ce tunda ba ya ciwo ba komai, alhali sankara a farkonta yawanci ba ta zafi. Ki duba kanki sau ɗaya a wata, kwanaki kaɗan bayan ɗaukewar al'ada, da tafin yatsu uku, har cikin hammata. Kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta zama kamar ɓawon lemo, sai asibiti. Kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Hoto kaɗai ba ya tabbatarwa, sai an ɗebi ɗan nama an gwada, kuma ɗibar ba ta yaɗa cutar.

Ƙarin ruwan maganin sankara galibi duk mako 3 ne. Gashi zai zube, zai kuma dawo. Abin tsoro shi ne zazzaɓi: in zafin jiki ya kai 38, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, domin maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Wasu kan daina zuwa da zarar kullutun ya ragu, sai ya dawo da ƙarfi. Sau da yawa kuɗi ne ke yankewa, shi ya sa dangi su tsara gudummawar tun zagayen farko.