Gitar mai feda: kukan nan ya ƙi fita, a taimaka

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum. Kawuna ya dawo daga Ikko da gitar nan da ake kwantarwa kan ƙafafu huɗu, mai tsirkiya 10 da feda a ƙasa, ya bar mini ita. Abin da nake so shi ne kukan da Demola Adepoju ke yi a ƙungiyar King Sunny Ade, wanda murya ɗaya ke hawa ɗaya na tsaye. Na aza ƙarfen da ake zamewa da shi bisa tsirkiyoyi a layi na 3 na jikin gitar, na kaɗa tsirkiya ta 4 da ta 5, na taka fedar farko. Wallahi sai ka ce mage aka take wa wutsiya. Ina kuskuren?

Tsohon Makaɗi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wurin da ka kama daidai ne. A layi na 3 muryar tsirkiya ta 4 Sol ce, ta 5 Re (sunayen muryoyin kiɗa ke nan, irin Do, Re, Mi). Fedar farko tana ɗaga Re zuwa Mi, Sol kuwa ba ta motsi. Salon ke nan da Bud Isaacs ya fito da shi a waƙar Webb Pierce ta 1954 can Amurka. Ina zargin ƙarfenka. Ba tsakanin layuka ake ɗora shi kamar yatsa a gitar hannu ba, bisa layin cif. Sannan diddige a ƙasa, ka taka sannu-sannu, ba birkin babur ba ne. Kunne na son jin tafiyar muryar, irin yadda mai goge ke jan yatsa. In ta zauna, haɗa da feda ta biyu ka ƙara tsirkiya ta 3, za ka faɗa Do ba tare da ƙarfen ya gusa ba.

Mai Walda:
Ni dai ba na kiɗa, gyara na taɓa yi wa irinta. In tsirkiya na daidai amma da an taka sai ta kauce, kar ka taɓa maɗaurin sama da ake saita tsirkiya da shi. Akwai 'yan notikan roba a gefen dama, su ake murɗawa. Kuma ƙurar hunturunmu na cika ƙarƙashinta, goge ta, kada ka lafta mata giris.

Ɗan Mokoyo:
Yaya, ƙarfen ne ashe! Ya fito, amma ta 3 ta tsinke.

Tsohon Makaɗi:
Halinta ke nan, ita ce siririyar ciki. In wani zai je Kano, ya sayo maka da yawa.