Muhawara: Shin Mai Ba Soja Umarni Shi Ya Kamata Ya Hukunta Shi?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, a kowace rundunar haɗin gwiwa, kwamandan da aka ɗora wa nauyin ba da umarni ya kamata a ba shi ikon hukunta duk sojan da ke ƙarƙashinsa, ko daga ina ya fito. Ku dubi Indiya, inda sojan ƙasa da na sama kowanne ke da dokarsa ta 1950, sojan ruwa kuma ke da tasa ta 1957. A rundunar haɗin gwiwa ta tsibiran Andaman da Nikoba, wadda aka kafa a 2001, a da idan sojan ƙasa ya yi laifi alhali kwamandan hafsan ruwa ne, sai an mayar da maganar ga rundunarsa ta asali. A lokacin, mutum uku daga ɓangarori uku za su iya haɗa baki a laifi guda, a raba shari'arsu gida uku, kowa ya fito da hukunci dabam bayan dogon jinkiri. Wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a 2023 ta ba kwamandan haɗin gwiwa ikon ladabtar da kowa. Birtaniya ma ta haɗe dokokin ladabtarwarta uku tun a 2006.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, a cikin ƙasa ɗaya ban da ja, domin dukkansu tuta ɗaya suka yi wa rantsuwa, kuma kotun ɗaukaka ƙara tana samansu. Inda muka rabu shi ne cewar da ka yi "kowace runduna". Idan ƙasashe ne suka haɗu, abin da suke miƙa wa kwamanda shi ne ikon tura dakaru da tsara musu aiki, ikon hukunci kuwa suna riƙe da abinsu. Haka tsarin yake a dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya: ƙasar da ta aiko soja ita kaɗai ke da hurumin gurfanar da shi.

Alhaji Lawal: To ai Hajiya, wannan tsarin shi ne ciwon. A watan Yulin 2016 faɗa ya ɓarke a Juba, sojojin gwamnatin Sudan ta Kudu suka afka wa masaukin Terrain, inda ma'aikatan agaji ke zaune, suka yi kisa da fyaɗe, alhali sansanin Majalisar yana nan kusa. An yi ta neman ɗauki, kuma binciken da Janar Patrick Cammaert ya jagoranta ya gano cewa rundunonin da aka nema su fita sun ƙi. Wa aka hukunta a fili? Kwamandan rundunar, ɗan Kenya, Laftanar Janar Johnson Ondieki, shi aka sauke a watan Nuwamba, Kenya kuma ta fusata ta fara janye sojojinta. Ko da an same shi da nasa sakacin, an naɗa masa rawani ne aka hana shi sanda, sannan aka tuhume shi da rashin tsawatarwa. Wannan ba adalci ba ne gare shi, balle ga waɗanda suka yi ta jiran ceto.

Malam Isiyaku: Alhaji, akwai ranar da ƙin bin umarnin ya zama alheri. A watan Yunin 1999 sojojin Rasha suka riga na ƙungiyar tsaro ta NATO shiga filin jirgin saman Pristina a Kosobo. Janar Wesley Clark na Amurka, babban kwamandan ƙungiyar, ya umarci Janar Mike Jackson na Birtaniya ya tare hanyar saukar jirage, shi kuwa ya ƙi, ya mayar da maganar Landan, gwamnatinsa ta mara masa baya. Da Clark na da ikon tsare shi, da wataƙila an yi artabu da Rasha.

Malam Habibu: Malam Isiyaku, abu biyu ka haɗa. Ƙasa ta ce ba za a jefa dakarunta cikin wani aiki ba, wannan magana ce ta siyasa, kuma na yarda a bar mata. Amma sojan da ya yi wa yarinya fyaɗe ko ya sayar da makami, wace siyasa ce ke kare shi? A 2007 an mayar da sojojin Sri Lanka fiye da 100 gida daga Haiti bisa zargin lalata da ƙananan yara. A 2021 an janye dakarun Gabon kimanin 450 daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kan zargi makamancinsa. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2272 na 2016 ya ba da damar korar runduna sukutum, amma kora ba shari'a ba ce. Wanda ake zargi ya hau jirgi, shaidu da wadda aka zalunta suna nan inda aka bar su, babu mai kai su kotun wata nahiya.

Hajiya Rabi: Zafin da kake ji, Malam, ni ma ina jin sa. Sai dai ka faɗa mana da wace doka kwamandan zai yi hukuncin. Wata ƙasa tana zartar da hukuncin kisa, wata ta soke shi. Laifin da ke kai soja gadurum na mako guda a wata runduna yana iya raba shi da kakinsa a wata. Ina za a ɗaukaka ƙara, kuma a kurkukun wa za a ajiye shi? Ko NATO, da dukkan kusancin ƙasashenta, yarjejeniyarta ta 1951 ta ba ƙasar da ta aiko soja fifikon yi masa shari'a idan a bakin aiki ya yi laifin. Ranar da aka ce baƙon janar zai ɗaure 'ya'yansu, ƙasashe da yawa za su daina ba da soja, kuma farar hular da muke magana dominsu su ne za su rasa mai tsaronsu.

Alhaji Lawal: Wannan yarjejeniyar ce ta sa aka kai Amurka shari'ar matuƙin jirgin yaƙinta da ya tsinke igiyar wata motar da ke tafiya a rataye tana kai mutane kan dutse a Cavalese ta Italiya a 1998, mutum 20 suka mutu, kotun soja kuma ta wanke shi daga laifin kisan.

Hajiya Rabi: Haka ne, Alhaji, kuma Italiyawa sun ji ciwon abin ƙwarai. Shi ya sa nake goyon bayan shawarar rahoton Yarima Zeid na Jodan na 2005, cewa ƙasar da ta aiko soja ta kafa kotun sojanta a wurin da aka yi laifin, alƙalanta da dokarta, amma a gaban shaidu da mutanen da abin ya shafa.

Malam Habibu: Zan karɓi wannan bisa sharaɗi biyu. Kwamandan haɗin gwiwa ya sami ikon dakatar da wanda ake zargi nan take, ya hana a fitar da shi daga yankin har sai kotun ta zauna. Ƙasar da ta ƙi aiko alƙalai cikin wa'adin da aka ɗibar mata kuma, a dakatar da kuɗin da ake biyanta na dakarun, kada a sake karɓar sojanta sai ta yi shari'ar.