Wai danna gaɓa a Turanci iyayi ne?

Auta: Salam yan uwa. Ni fa ina nan kan bakana, wannan zancen danna gaɓa da ake takura wa yara da shi a Turanci iyayi ne kawai. Ka ce MAdam ko ka ce maDAM, ai matar za ta waiwayo.

Malama: Wa alaikumus salam. A'a Auta, ban yarda ba. Ɗauki present, in ka danna farko PREsent kyauta ce, in ka danna ƙarshe preSENT gabatarwa kake nufi. Harafi ko ɗaya bai canza ba amma ma'ana ta sauya.

Kawu: To Malama su kansu masu harshen ai ba su daidaita ba, mutumin Ingila ya ce laBOratory na Amurka ya ce LABoratory, mu da muka ara wa za mu bi?

Malama: Gaskiya ne Kawu, amma irin waɗannan ba su da yawa. Duk kalmar da ta ƙare da -tion gaɓar da ke gabanta ake dannawa, eduCAtion, inforMAtion, a Landan haka a Amurka haka.

Yaya Babba: Ni abin a aljihuna na ji shi wallahi. Na kira wani mai kaya a Legas yana faɗa min farashin katan ina jin 13 ashe 30 yake nufi, ga layi na yankewa ga hayaniyar kasuwa, na lissafa ribata har na karɓi kuɗin mutane biyu, sai da ya turo lissafi a rubuce na ga dubu 30. Da ya ja THIRty yadda ya kamata ba zan ji thirTEEN ba.

Auta: Yaya wannan ai laifin layi ne.

Malama: Auta in baƙo ya ce maka ya sha miyar kuka amma ya ɗaga muryar kamar kukan hawaye, za ka gane amma kunnenka zai tsaya cak. Haka wuyan riga da wuyar aiki. Abin da Bature ke ji ke nan in mun ce phoTOgraph maimakon PHOtograph. Kuma WAEC na tambayarsa a jarrabawar furuci, JAMB ma haka, ina ganin yarana masu ƙoƙari suna zubar da maki a nan, abin na ci min rai sosai.

Kawu: Na jarrabawa kam na yarda a koya musu. Amma a daina yi wa dattijo dariya in ya faɗa irin namu.

Auta: To Malama photographer fa, ina ake dannawa?

Malama: Ta biyu, phoTOgrapher. Bari in turo da murya in na idar da sallah.