Wane girki bayi baƙar fata suka bar wa Amurka?

Maman Hanif, Tudun Wada: Jama'a, wai da gaske ne miyar kuɓewa da shinkafa da wake na Amurka bayi ne suka kafa su? Ya ake dafawa?

Malam Sani, Kawo: Gaskiya ne, Hajiya. A zamanin bauta, a gonakin shinkafar jihar Karolina ta Kudu bayi daga Afirka ta Yamma ne ke noma, su ke girki. James Hemings, bawan Thomas Jefferson (wanda daga baya ya zama shugaban Amurka), an kai shi Faris a 1784 ya koyo girkin Faransa, sai 1796 ya samu 'yanci. Amma yabo masu gida ake wa.

Anti Rabi, Barnawa: Miyar kuɓewar jihar Luwiziyana, wadda suke kira gumbo, sirrinta soyayyen gari. Fulawa rabin kofi, mai rabin kofi, wuta kaɗan, kina juyawa kamar minti 40 har ya yi duhu. Idan ɗigon baƙi ya fito ya ƙone, ki zubar, ɗaci zai yi. Sannan albasa, tattasai, romo, kuɓewa. Ki fara soya kuɓewar, su ba sa son yauƙi irin namu.

Malam Sani: Shinkafa da waken nasu da naman alade ake yi. Ki sa bandar naman shanu. Wake ya fara nuna, sannan shinkafa kofi ɗaya a ruwan waken kofi biyu. Ya fi haka ta caɓe.