Tumaki masu shayarwa da zafin bazara: abin da muka gwada a abincinsu

Mai kiwo daga Sakkwato:
Assalamu alaikum. Ina da tumaki uda goma sha ɗaya, bakwai daga cikinsu sun haihu a watan Maris, kuma tun da Afrilu ya kama, zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum. Da azahar sai in same su tsaye a rumfa, kai a sunkuye, suna haki kamar waɗanda aka kora, harawar da na zuba tun hantsi tana nan ba su taɓa ba. Hantsarsu ta saki, 'ya'yan suna ta tunkuɗa suna kuka. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ƙara wani abu a abinci ya ga amfani ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Hajiya daga Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Malam. A gidanmu kanwa muka gada. Mahaifiyata takan jiƙa ɗan gutsure a ƙwarya tun da dare, da safe ta tsiyaye ruwan ta dama dusa da shi, kuma har yau haka nake yi wa tumakina masu shayarwa. Na lura suna ƙara shan ruwa, kuma suna komawa tuƙa da wuri. Amma bara na yi ganganci na ninka kanwar saboda zafi ya yi tsanani, kwana biyu kacal sai zawo ya kama uku daga cikinsu, nonon da nake nema ya ƙara ja baya. Yanzu ba na wuce abin da ɗan yatsa uku suka ɗauka a bokitin dusa, kuma ina ajiye musu ruwan da ba kanwa a gefe.

Malamin dabbobi daga Katsina:
Hajiya, abin da kika gani yana da dalili. Zafin jikin tunkiya mai lafiya yana kusa da digiri 39, kuma haki shi ne babbar hanyarta ta sauke zafi. Idan hakin ya daɗe, jiki yana zubar da sinadarin bikabonet, mai kashe tsami a jiki, ta fitsari, tuƙa ta ragu, yawun da yake gangarawa tumbi yana kashe tsami ya yi ƙaranci, sai tumbin ya yi tsami, musamman ga dabbar da ta bar harawa ta koma cin dusa da hatsi zalla. Kanwa tana ɗauke da sodiyam kabonet da bikabonet, shi ya sa take rage wannan tsamin. Matsalarta ita ce ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka ni na fi son sodar bikabonet ta buhu, a zuba ta a kwano daban su lasa da kansu. Na kuma yi amfani da bitamin E da sinadarin seleniyam, wanda jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa, ga tumaki masu tagwaye, sai dai seleniyam guba ne idan ya wuce kima, ba abin da za a auna da ido ba ne.

Mai kiwo daga Gombe:
Ni darasina mai ɗaci ne. Na sayi dunƙulen gishirin lasa na shanu saboda ya fi araha, na rataya wa balamaina wata da watanni, tare da ragowar abincin kaji da nake haɗa musu a dusa. Ana tsakiyar bazara babbar tunkiyata ta daina ci, idanunta suka yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsarinta ya koma ja mai duhu, washegari ta mutu ta bar mini 'ya'ya biyu. Likitan da ya buɗe ta ya ce sinadarin jan ƙarfe ne ya taru a hantarta, domin tumaki ba sa jure yawan da ake saka wa shanu da kaji, kuma wahalar zafi ce ta sa ya malalo cikin jini lokaci guda. Tun daga nan kantun gishirin Bilma nake ajiye musu, ko dunƙulen da aka rubuta na tumaki ne.

Mai kiwo daga Sakkwato:
Allah ya mayar da alheri, Malam. Na duba nawa dunƙulen, shi ma hoton saniya ne a jikin ledar, na sauke shi nan take. Mako biyu ke nan da na mayar da ciyarwa bayan sallar asuba da bayan magariba, na rage karan dawa, na ƙara ɓawon wake da 'ya'yan gawo da ɗan ƙulin auduga, ga soda a kwano kamar yadda malamin dabbobi ya ce. Randar ruwansu kuma na janye ta inuwa, ina sauyawa sau uku a rana. Biyar sun dawo da nono sosai. Biyun da suka haifi tagwaye har yanzu suna ramewa, kuma gobe zan kai su asibitin dabbobi a duba ko tsutsar ciki ce.