Ƙanena ya tsaya a bakin gari, kawu ya ce kashe kansa ya yi

Mai tambaya: Salamu alaikum, don Allah masu ilimi ku taimaka. Ƙanena ɗan sa-kai ne, shekararsa 24, asali tela ne, keken ma bashi ya ɗauko bai gama biya ba. Ɓarayin daji suka shigo da asuba, abokansa suka ja da baya, shi ya tsaya a bakin gari da bindigar toka har mata da yara suka tsallake rafi. Mun yi masa wanka da salla. Yanzu kawu na cewa ya jefa kansa cikin halaka, inna ta daina cin abinci. Shahidi ne?

Malam: Allah ya jiƙansa. Ayar da kawu ya jawo, mai hana jefa kai cikin halaka, Baƙara 195 ce. A yaƙin Ƙusɗanɗiniyya wani ya kutsa sahun Rumawa, mutane suka kawo ta, Abu Ayyub Al-Ansari ya ce a kansu Ansar ta sauka, da suka so barin yaƙi su koma kan dukiyarsu. Hadisi kuma ya tabbata: wanda aka kashe yana kare iyalinsa shahidi ne.

Wata 'yar'uwa: To kun yi kuskure ke nan, ba a wanke shahidi.

Malam: A'a baiwar Allah. A Malikiyya wanda ya faɗi a fagen yaƙi da kafirai ne ake binnewa da kayansa, ba wanka ba salla. Wanda ɓarayi suka kashe ana yi masa duka biyun. Hanafiyya ne suka ɗauke masa wankan.

Wani ɗan'uwa: Malam, a faɗi ɗaya ɓangaren. Anfali 66 ta tsayar da iyaka: musulmi ɗari a kan abokan gaba ɗari biyu. A yaƙin Mu'uta kwamandoji uku suka faɗi, Khalid bin Walid ya janye rundunar mutum 3,000, Annabi bai kira shi matsoraci ba. Bindigar toka harbi ɗaya sai ɗurin albarushi, AK-47 harsashi 30. Masu zuga yaran nan ba sa zuwa daji, marayu kuma buhun shinkafa ɗaya aka ba su aka manta da su.

Mai tambaya: Ba wanda ya zuga shi ɗan'uwa. Da ya gudu wa zai tare su?

Malam: Ku ce muna masa fatan shahada, yankewa na Allah ne. Amma ku biya kuɗin keken kafin rabon gado, Muslim ya ruwaito ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi.

Mai tambaya: Mai keken ya ce zai jira. Ni inna ce damuwata, me zan ce mata?